Salular da ta San Gida

A ƙofar gidan Ramata, bayan tsohuwar kasuwar Agadas, akwai abu biyu da ba a hana kowa. Na farko randa ce, tana zaune a inuwar bango bisa wani tsohon turmi da aka kife, da moɗarta ɗaure da igiya. Marigayi maigidanta ne ya ajiye ta tun suna sabon zuwa daga Maraɗi da fataucin dabinon Bilma, kuma tun daga ranar ba ta taɓa wuni ba ruwa ba. Na biyun ba a ganinsa da ido. Daga wani ɗan farin akwati mai ƙaho biyu yake fita, wanda aka rataye a saman ƙofar ɗaki, ya ratsa bangon laka ya bazu cikin lungu. Wifi ake ce masa. Ramata dai ba ta ga bambancinsa da ruwan randa ba. Duk wanda ya tambaye ta kod, wato lambar sirrin shiga, sai ta faɗa masa, in ta ga bai riƙe ba ta maimaita.

Ɗanta na fari, Ilyas, shi ya sayo akwatin shekarar da ya fara dawowa daga haƙar zinariya a Jado. Ramata ba ta faɗin sunansa, don kunyar ɗan fari ta riƙe ta irin riƙon mutanen da. "Yaron nan" take cewa, ko da yake yaron nan sai ya sunkuya yake shiga zaure. Shi kuwa ya ƙirƙiro wata shegantaka tasa. In ya dawo daga daji ba ya buga ƙofa, ba ya sallama da baki kamar mutanen kirki. Sai ya tsaya jikin randa ya jira salularsa ta kama wifin gida, sannan ya aiko da saƙon murya: "Salamu alaikum masu gida, baƙo ne, a taimaka masa da fura." Salular Ramata ta yi ƙara a tsakar gida, ita kuma ta haɗa fuska ta ce, "Mahaukaci, ka shigo mana." Duk shekara ba ta da wani jin daɗi da ya kai na wannan ƙarar.

A tafiyarsa ta ƙarshe, yana ɗaure jaka, ya ce mata, "Inna, kome za a canza a gidan nan a canza, amma ban da kod. Salulata ta haddace shi."

Azumi ya zo ya wuce, aka yi layya, ba labarinsa. Kowa ya san rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya zama a Jado, sai a yi wata da watanni mutum bai ji ɗuriyar nasa ba, kuma ranar nan ya faɗo gari da ƙiba. Haka Ramata take faɗa wa masu tambaya, tana zaɓen dabino ba ta ɗaga kai ba. Amma tsoro na cinta a ɓoye, kuma idonta ya koyi zuwa kan fitilun akwatin nan shi kaɗai, ba ta aike shi ba.

Wadda ke shan wahalar kyautar nan Husna ce, autarta, mai karatun ungozoma. Daga Yamai ake ba su darasi ta bidiyo. Da zarar malamar ta fara bayani sai ta daskare a gilashi, baki buɗe, yatsa a sama, ta zauna haka har shayi ya huce. Dalili kuwa yana zaune a waje. Tela ya gusa da kekensa kusa da bangon Ramata, mai shayi ya ce inuwar nan ta fi sanyi, samarin unguwa sun jeru jingine da laka kowa ya sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki, alhali ƙwallo suke kallo.

"Inna, ranar Juma'a da safe ina da egzama, kuma da baki za a yi jarrabawar," in ji Husna. "In rezo ya yanke sai baɗi. Mu canza kod."

"Ba za a canza ba."

"To ki daina bayarwa."

"Mutum ya tambaye ni abin da nake da shi in ce babu? A bakin randar ubanki?"

Husna ta dubi uwarta, ta dubi akwatin. Yarinya ce mai ladabi, amma kanta na ja, kuma masu irin wannan kai ba su karya dokar uwa, sai dai su zagaya ta ta baya. Washegari ta zauna da ordinatar ɗinta, wato kwamfuta, a ƙarƙashin rumfa, ta shiga cikin akwatin ta wata ƙofa da Ramata ba ta san da ita ba. Ta karɓi salular uwar ta kwafe wasu lambobi, ta kwafe na tata, ta danna wani abu, ta rufe.

"Ban taɓa kod ba, Inna. Wallahi yana nan yadda Yaya ya bar shi."

Ramata ta gamsu. Kafin la'asar malamar Yamai ta warke sarai, tana magana ba ta ko tuntuɓe. Tela ya ja kekensa ya koma inda ya fito, samari suka watse ɗaya bayan ɗaya suna girgiza salula. Lungu ya yi tsit, har ana jin kukan kurciya daga kan hasumiyar masallaci.

A cikin shirun nan ne Ramata ta fara mafarki da rana. Bayan azahar takan shimfiɗa tabarma a zaure inda iska ke ratsawa, faifan dabino a gefe, barci ya ɗan sace ta. Sai ta ga abin da ke fita daga akwatin da idonta. Ruwa ne siriri mai haske, bai wuce idon sawu ba, yana gangarowa daga saman ƙofar ɗaki ba ya jiƙa komai. Ya ratsa zaure, ya zagaye randa, ya bi lungu ya fita bayan gari. Ya wuce lambunan Timiya inda lemo ke rataye, ya shiga rairayi, ya yi ta tafiya a ƙarƙashin ƙafafun raƙuman gishiri ba su sani ba. Ita kuma tana biye da shi ba takalmi, ƙafarta ba ta jin zafi. Can nesa akwai wani dogon mutum a tsaye ya juya baya, ruwan na dab da taɓa dugadugansa. Kullum a nan ruwan yake tsayawa, ya juyo, ya komo gida da sauri kamar an kira shi. Ta farka da ɗanɗanon gishiri a baki.

Wata rana ta farka daga wannan mafarkin ta ji ƙarar moɗa. Wani baƙo ne a bakin randa, gajere, baƙi, da rawani mai datti, faratansa sun farfashe irin na masu rami. Hannunsa na hagu na riƙe da wata salula mai tsagaggen gilashi a cikin tsumma, yana ɗaga ta sama yana duba fuskarta, yana sake ɗagawa. Ya sha ruwa, ya gode wa Allah, sannan ya hango ta.

"Sannu da hutawa, Inna. Don Allah tambaya nike. Ko kin san gidan su Dogo?"

Hausarsa ta kudu ce, ta wajen Zamfara.

"Wane Dogo?"

"Wani ɗan garin ga ne. Tare muke aiki a daji. An ce mini gidansu na bayan tsohuwar kasuwa."

Zuciyar Ramata ta buga. Tambaya ta taso mata har maƙogwaro: a wane daji, ya kamanninsa, ko ka san wani yaro mai sunkuyawa in zai shiga ɗaki? Amma yaya uwa za ta tsaya a bakin ƙofa tana cigiyar ɗan fari wurin baƙon da ba ta sani ba, kamar wadda ba a yi wa tarbiyya ba? Kunya ta danne tambayar. Wataƙila kuma ba kunya kaɗai ba ce, don akwai amsar da mutum ba ya son ji.

"Dogaye suna da yawa a garin nan, ɗana," ta ce. "Ba ka san sunansa na yanka ba?"

"Wallahi a daji ba mu tambaya. Kowa da sunan da rami ya ba shi." Ya sake duba salular, ya yi ajiyar zuciya. "Zan ƙara zagayawa. In Juma'a ta wuce ban dace ba sai in bi mota in yi gida."

Ya tafi yana bin bango a hankali, salula a gaba kamar mai haska hanya da rana tsaka. Bayan nan ta sake ganinsa ya wuce, ta kuma sake gani. Kowane zuwa sai ya sha ruwa, ya gaishe ta, ya duba tsagaggen gilashin, ya wuce. Ta ɗauka wahalar rami ce ta taɓa masa kai, ta riƙa tausaya masa.

Ranar Alhamis da hantsi Habsatu maƙwabciya ta shigo da mayafi a kafaɗa da ƙorafi a baki.

"Ramata, me na yi miki? In kin canza kod ki faɗa mini, ba sai na ji a gari ba."

"Ban canza ba."

"To ga shi na sa, na sake sawa, har jikana ya sa mini. Sai ta yi ta juyi ta ce an ƙi ta. Ni da ke shekara nawa, yau salulata ce baƙuwa a gidanki?"

Ramata ta kira Husna. Yarinyar ta fito tana murza gefen zane, ta yi bayani ba ta kalli kowa ba. Ta ce kowace salula da kowace ordinatar tana da lambarta da aka haife ta da ita, adireshin MAK, kamar shaidar da Buzaye ke yi wa raƙumi a wuya. Ta ce akwatin yana iya duba shaidar nan kafin ya buɗe, filtraj ake ce wa abin. Ita ta nuna masa shaidar ƴan gida ne kawai, ta ce duk wadda bai gani a cikinsu ba kada ya karɓe ta.

"Ko ta san kod?" in ji Ramata.

"Ko ta san kod."

"Wadda ba ta nan ranar da kika nuna masa ƴan gida fa?"

Husna ta kawar da kai. Habsatu ta ga hadarin da ya haɗo, ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Ran Ramata ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa yi wa autarta ba. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi.

"Wato kin bar mini makulli a hannu kin toshe ƙofar da laka. Yaron nan ya zo ya tsaya a bakin randa, gidan ubansa ya ce bai san shi ba."

"Inna, in Yaya ya zo ai yana da hannu, sai ya buga ƙofa!" Muryar Husna ta karye. "Kin ɗauka ke kaɗai ke jiransa? Ni ma kullum sai na duba. Salularsa ba ta nan ne, da ita zan fara sawa. Gobe ne egzama, Inna. Gobe kaɗai."

Ramata ta dubi ƴarta, ta ga yadda karatu da jira suka rame ta tare, kuma ita ba ta lura ba sai yau. Fushin ya sauka ya bar mata nauyi a ƙirji.

"Ki yi egzamarki," ta ce. "Kina gamawa ki buɗe."

Ranar Juma'a da safe Husna ta sa farin hijabi ta zauna gaban ordinatar. Malamai uku suka yi ta jefo mata tambaya daga Yamai, tana amsawa da Faransanci, ba wanda ya daskare. Ramata na zaure tana jin muryar ƴarta ba ta fahimtar ko kalma, amma ta san muryar mai cin nasara in ta ji ta. Da aka gama Husna ta fito da gudu ta rungume ta, sannan ta koma ba a tuna mata ba, ta shiga cikin akwatin ta cire shingen.

Aka sauko daga masallaci. Labari ya riga ya zaga, samari suka dawo jikin bango da fararen riguna, fitilun akwatin suka shiga ƙyaftawa ba hutu. Rana ta yi nauyi. Ramata ta kishingiɗa a tsakar gida, ruwan nan mai haske ya sake gangarowa ya ɗauke ta. Suka wuce Timiya, suka shiga rairayi, ga dogon mutumin can ya juya baya. Wannan karon ruwan bai tsaya ba. Ya taɓa dugadugansa, mutumin ya fara juyowa.

Salularta ta yi ƙara.

Ta san ƙarar, don Ilyas ya sa wa kansa wata daban, ta ƙararrawar akuya. Ta miƙe zumbur, ɗankwali ya zame, farin ciki ya cika ta. Ta juya wajen zaure ta haɗa fuska yadda ta saba.

"Mahaukaci, ka shigo mana!"

Ba wanda ya shigo. Ƙararrawar ta sake bugawa, ta sake, ta yi ta bugawa kamar garke ya shigo gida. Husna ta fito ta ɗauki salular, ta duba, murmushinta ya tsaya.

"Inna, bokal ne da yawa, saƙonnin murya. Amma ba na yau ba ne. Tsofaffi ne, yanzu suka samu hanya."

"Sa mini."

Muryarsa ta cika tsakar gida, da iska a bayanta da ƙarar guduma. "Inna, ina wuni? Nan ba rezo ko na magani, forfen intanet ɗina ma ya mutu. Amma zan riƙa ajiye miki magana, ranar da na tsaya bakin randa duk su zubo miki lokaci guda, ki rasa wadda za ki fara ji." Ya yi dariya. A na biyu yana ƙorafin taliya da sardin, ya ce ya yi mafarkin miyar kukarta har ya ciji bargo. A wani ya ce taurarin Jado sun yi ƙasa ƙasa, in ka miƙa hannu sai ka ji kamar za ka tsinko. A wani ya ce sun samu ɗan abin da suka samu, a faɗa wa Husna zai sayo mata abin sauraren bugun zuciyar jariri, ta daina aron na mutane.

Husna ta zauna a ƙasa. Ramata na tsaye ba ta motsa ba.

Daga nan muryar ta canza. "Inna, rami ya ɗan taɓa ni a ƙirji. Ba wani abu ba ne, kada ki faɗa wa kowa." Wanda ya biyo baya tari ya fi magana yawa. Na ƙarshen gajere ne, a hankali yake fita, ana jin injin mota.

"Inna, za a kai ni Dirku wurin likita. Abokina Tanko ne ke riƙe da ni, mutumin kirki ne, sai dai bai iya shayi ba. Na ce masa gidanmu ba ya ɓata, salulata ta san shi, tun daga lungu take kamawa. Kada ki bari Husna ta canza kod. In na iso daga bakin ƙofa zan yi miki sallama."

Saƙon ya ƙare. Daga bakin ƙofa aka yi sallama, da baki, da Hausar Zamfara.

Ramata ta ɗaura ɗankwalinta. Ta ratsa zaure ta fito. Baƙon nan ne mai rawani, tsaye jikin randa, yana kallon tsagaggen gilashin da ya yi haske a hannunsa, yana kallonta. Samarin bango duk sun ɗago kai.

Ba ta tambaye shi komai ba. Ta kwance moɗa, ta ɗebo ruwa ta miƙa masa da hannu biyu, don ba a tambayar matafiyi labari da ƙishi a bakinsa. Ya karɓa ya kai baki, ya sauke moɗar bai sha ba. Ya tsugunna a gabanta.

"Inna, ashe nan ne. Ashe ke ce. Na zo in sha na bankwana ne in wuce tasha, sai na ji ta yi motsi a hannuna." Ya ajiye salular a kan tsumma a gaban ƙafafunta. "Ni ne Tanko. Ba mu kai Dirku ba. Allah ya karɓi abinsa a hanya, da kalmar shahada a bakinsa. Mun yi masa sutura, mun sa duwatsu. Salular a kulle take, ban san lambar kowa ba. Abin da ya faɗa mini kaɗai na riƙe."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Ramata. Ta faɗa, ta sake faɗa. A bayanta kukan Husna ya tashi. Baƙin ciki ya sauko mata gaba ɗaya, tare da sanin cewa sau da yawa ɗanta ya zo ƙofar nan a hannun mutumin nan, gida ya ƙi shi, ita kuma tana zaune a zaure kunya ta ɗaure mata baki. Ta durƙusa ta ɗauki salular. Da ɗumin hannun Tanko a jikinta.

Aka yi zaman makoki, aka share. Tanko bai bi mota ba sai da aka yi addu'ar bakwai. Da gida ya koma shiru, Ramata ta sa aka kafa ƙusa a ƙarƙashin farin akwatin, ta rataye salular a cikin ƴar jakar fata, da wayar sharji a jikinta don kada ta mutu. Sannan ta kira Husna, wadda tun ranar ba ta iya haɗa ido da ita ba.

"Darasinki zai ci gaba, ko ba haka ba?"

"Na bar akwatin a buɗe, Inna. Ba zan sake rufewa ba har abada."

"Ki rufe lokacin darasi, in kin gama ki buɗe wa mutane. Ba ke kika kashe yayanki ba, auta, kuma shi ya ce zai sayo miki kayan aiki." Ta nuna jakar fatar da haɓa. "Amma wannan ki nuna wa akwatin shaidarta. Ki sa ta cikin ƴan gida."

Husna ta ɗauko ordinatar ta zauna kusa da ita. Salular na kame da wifi, don haka lambarta ta fito da kanta. Ta kwafe ta a ƙarƙashin ta Inna da tata, hawaye na ɗiga a kan yatsunta. Sai ta tsaya.

"Yana neman suna," ta ce a hankali, kamar da kanta take.

Ramata ta dubi fitilun suna ƙyaftawa. Tun ranar da aka raɗa masa shi a kunne sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ta buɗe baki, ya fito da ƙyar, baƙo a harshenta.

"Ilyas," ta ce. "Rubuta Ilyas."